Duriyan na firiza da na saya a Wuse: bai lalace ba kuwa? Kuma wa ya kamata ya guje shi?

Maman Khalil (Gwarimpa):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa zama Malesiya ko Tailan, da ma'aikatan lafiya da ke zauren nan, ku taimaka min da shawara kafin Asabar.

Maigidana a Malesiya ya yi digirin digirgir, kuma tun da ya dawo ba abin da yake ambato irin wani ɗan itace wai shi duriyan. Ko mangwaron Binuwai aka yanka masa sai ya ce ai mu ba mu san daɗi ba tukuna. Shekaranjiya na shiga wani shago a Wuse II da ke sayar da kayan abincin 'yan Asiya, ina neman taliyar shinkafa, sai na hango shi a firiza. An riga an ɓare shi, tsokar ce kawai a cikin roba aka lulluɓe da leda, giram 400, an rubuta Monthong, daga Tailan. Kuɗin kam kada ma ku tambaya, ko shi ba zan faɗa wa ba. Na saya ne in ba shi mamaki in ya dawo daga Kano.

Sai da na iso gida na duba shi da kyau. Akwai ɓurɓushin ƙanƙara fari sol a cikin ledar, kuma a ƙasan robar akwai wani ruwa rawaya da ya taru ya daskare. Ledar ma ba ta kama jikinsa sosai ba, ta ɗan saki. Ga shi a rufe yake amma firizata duk ta ɗauki wari, har yarinyar da ke taya ni aiki ta ruga ta kashe tukunyar gas wai yoyo take yi.

Na biyu, na tura wa ƙanwar mijina hotonsa, sai ga saƙon murya ya fi minti shida. Wai in aka ci aka kora da Coke ko madara mutuwa ce nan take, wai zafi ne da shi yana tada hawan jini, wai yana zubar da ciki, wai ma akwai giya a cikinsa. Shi maigidan yana shan maganin hawan jini. Hajiya, wato surukata, tana wurinmu yanzu saboda ganin likita, tana da ciwon suga kuma ƙodarta ta taɓu, ita kuwa duk abin da aka shigo da shi gidan sai ta ce a ɗanɗana mata, ni kuma ba bakin hana ta gare ni ba. Ni ma ina da juna biyu.

To wannan da na saya mai kyau ne ko in zubar? Kuma a cikinmu wa zai iya ci?

Baffa_Kubwa:

Wa alaikumus salam. Maman Khalil, mutanen da suka tashi da daddawa a miya ai bai kamata wari ya razana su ba. Ni dai in za ki zubar ki faɗi unguwar, in zo in taya ki zubarwa.

Ɗan Serdang:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Maman Khalil Allah ya saka miki da alheri, kin san abin da zai faranta ran mutumin Malesiya. Ni a jami'ar UPM da ke Serdang a Malesiya na yi nawa karatun, na kuma san ciwon kewar duriyan da maigidanki ke fama da shi. Lokacin duriyan, wajen Yuni zuwa Agusta, gefen titi ake kafa rumfuna, a zauna kan kujerun roba, mai sayarwa ya sa safar hannu ya tsaga maka shi da wuƙa, ka ci da hannu a wurin. Da farko duk mu 'yan Najeriya toshe hanci muke yi. Bayan shekara guda kuwa mu ne ke tara kuɗi mu tafi Raub a jihar Pahang don mu ci a gindin gona.

Batun wari ki kwantar da hankalinki, wari kaɗai ba alamar lalacewa ba ce. Haka Allah ya halicce shi. A Singafo an hana shiga jirgin ƙasa na cikin gari da shi, otal-otal da yawa ma suna manna hotonsa da jan layi a bakin ƙofa. Yarinyarki kuma hancinta bai yi ƙarya ba: cikin sinadaran da ke ba shi wannan warin akwai wanda kamfanonin gas ke zubawa a gas ɗin girki da gangan don a gane in yana yoyo. A 2018 sai da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai da malamai daga ɗakin karatu na wata jami'a a Melbon ta Ostireliya, 'yan kwana-kwana suka zo da abin rufe fuska, ashe duriyan ne wani ya bari ya ruɓe a kabad.

Sai dai zan faɗa miki gaskiya kan Monthong, kada ki ga ya ci ya yi shiru ki ji haushi. Shi ne irin da Tailan ta fi fitarwa waje, tsokarsa kauri gare ta, launinta rawaya mai haske, zaƙi zalla, warinsa da sauƙi. Don wanda bai taɓa ci ba, shi ya fi. Amma manoman Tailan yanke shi suke yi daga bishiya tun bai gama nuna ba don ya jure tafiya, su kuwa 'yan Malesiya ba sa taɓa shi sai ya faɗo da kansa, har raga suke ɗaurawa ƙarƙashin bishiya ko su ɗaure 'ya'yan da igiya kada su fashe a ƙasa. Wanda ya saba da ire-iren duriyan na Malesiya, Musang King ko D24, bakinsa yana neman ɗan ɗacin nan da ke biyo bayan zaƙi, kuma Monthong ba shi da shi. Zai ji daɗi, zai yi godiya, sannan ya ba ki labarin Pahang na awa guda. Ki shirya.

Idan wata rana kika ga an rubuta Musang King kuma kuɗinsa bai wuce na Monthong ba, ki yi shakka. Na gaske tsokarsa rawaya ce mai duhu sosai, ƙwallonsa kuma ƙarami ne a shafe.

Na firiza kuwa ba abin raini ba ne in an yi shi yadda ya kamata. Masu kyau da ruwan naitirojin suke daskarar da shi cikin gaggawa, sanyin ya kai digiri 80 zuwa 110 ƙasa da sifili, sannan a ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili har ya isa hannun mai saye. Da wannan hanyar Malesiya ta riƙa kai shi Chaina da ɓawonsa tun 2019, sai a 2024 aka yarda ta kai ɗanye. Saurin daskarewar shi ne sirrin, don ƙanƙarar da ke fitowa cikin tsokar ƙanana ce, ba ta yayyaga ta. Wanda aka daskarar a hankali, ko ya narke aka sake daskararwa, in kin narkar da shi sai ki ga ya zama ruwa-ruwa. Abin da kika kwatanta na ruwa a ƙasan roba bai kwanta min ba, amma bari masu sana'ar sanyi su yi magana.

Hajiya Mai Kifi (Kado):

'Yata, ni ban taɓa ganin wannan abu da idona ba, amma firiza ita ce gonata, da ita na aurar da 'ya'ya. Kifi ne ko kaza ko ɗan itacen Tailan, ƙanƙara yarenta ɗaya.

Abin da ya daskare tun daga kamfani bai taɓa narkewa ba, ba za ki ga ruwa ya kwanta a ƙasa ba. Ruwa ba ya gangara sai ya narke. In kin ga ya taru waje guda ya daskare, to wani wuri a hanya ya saki jiki: ko a tashar jirgin ruwa a Legas, ko a motar da ta hauro da shi, ko a shagon in an ɗauke wuta mai shago yana tsimin man janareta. Mu da ke kasuwa mun san masu kashe firiza da dare su kunna da asuba, da safe kaya ya yi tauri kamar ba abin da ya faru. Ɓurɓushin farin nan shi ma ruwan jikin kayan ne ya fita saboda sanyi yana hawa yana sauka. Shi kaɗai ba ya nuna lalacewa, yana dai rage daɗi. Amma ɓurɓushi, ga ruwa a ƙasa, ga leda ta saki, uku sun haɗu.

Da ni ce, gobe da safe zan sa shi a cikin kula mai ƙanƙara in koma shagon da rasit. Kada ki yi faɗa. Ki ce a buɗe miki firiza ki duba sauran. In duk haka suke, kayan gaba ɗaya sun sha wahala, ki karɓi kuɗinki. In akwai wanda ledar ta manne masa tsam, ba ruwa, launinsa ɗaya ba baƙi-baƙi a gefe, ki ce a canza miki. Ki duba ranar da aka sarrafa da ranar ƙarewa, ki duba lambar NAFDAC. Sannan ki zaɓa daga can ƙasan firiza, na sama shi ke shan iska duk lokacin da aka buɗe.

Kuma ke ma naki gidan fa? In wutarku ba ta tsayawa, kada ki ajiye shi mako biyu kina jiran wani buki.

Maman Khalil (Gwarimpa):

Na gode Mama, Allah ya ƙara kasuwa. Rasit yana nan, gobe in sha Allah zan koma. Muna da sola, firizar ba ta mutuwa. Saura batun lafiya, musamman na Hajiya da nawa.

Sista Rabi:

Maman Khalil sannu da ƙoƙari, Allah ya raba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kuma daɗe a ɓangaren masu ciwon ƙoda, don haka zan fara da Hajiya, don a duk tambayoyinki nata ne ya sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubutu.

Kada Hajiya ta ci. Ba don zafi ba, ba don wari ba, saboda wani sinadari da ke cikin abinci, fotasiyam. A kowane giram 100 na tsokar duriyan akwai fotasiyam wajen miligiram 436, ayaba da kullum muke hana majinyatanmu tana da wajen 358. Mai lafiyayyar ƙoda in ya ci, abin da ya yi yawa yana fita ta fitsari. Wadda ƙodarta ta gaza kuwa taruwa yake yi a jini, kuma ba ya ba da sanarwa sosai: ɗan kasala, jiki ya yi nauyi, sai bugun zuciya ya rikice. Wasu majinyatan ana iyakance musu wajen miligiram 2,000 a yini gaba ɗaya, robar nan taki kuwa in tsoka ce zalla ta haura 1,700. Na san ba za ta cinye roba ba, amma na san ɗanɗanon iyayenmu, loma ɗaya tana kiran ta biyu, ga shi dama ta ci wake ko dankali da rana. Ga kuma suga a kai. Tunda ke ba za ki iya hana ta ba, kuma na fahimce ki sarai, ki bar wa ɗanta wannan aikin. Ki gaya masa tun kafin a buɗe. Ko ku ce likita ya hana, ba ƙarya kuka yi ba, duk likitan ƙoda da kuka tambaya abin da zai ce ke nan. Mafi sauƙi ma ya ci abinsa a waje cikin mota ko bayan gida, dama warin zai ba ku hujja.

Maigida kuma ki duba sunan maganinsa. Duriyan kusan ba gishiri a cikinsa, ba shi da kolestarol, don haka maganar wai yana tada hawan jini don kansa kada ta hana shi cin tsokar ƙwallo biyu ko uku. Amma akwai magungunan hawan jini da ke riƙe fotasiyam a jiki, irin su lisinopril, losartan da spironolactone. In ɗayansu yake sha, kuma ga ciwon ƙoda a gidan, ya kyautu a ce ya taɓa yin gwajin ƙoda kwanan nan. In sakamakon lafiya lau, ya ci kaɗan ba komai. Abin da bai kamata ba shi ne ya zauna ya rama kewar shekaru a zama ɗaya. Abu ne mai nauyi, kalori 147 a giram 100, ayaba 89, kuma yana da mai wajen giram 5, abin da ba kasafai ake samu a 'ya'yan itace ba. Wannan nauyin ne ke sa mutum ya ji jikinsa ya ɗau ɗumi, ciki ya kumbura, ya yi ta gyatsa mai wari. Shi mutanen can suke kira zafi.

Ke kuma, ba abin da ke cikin duriyan mai kyau da ke zubar da ciki. In an gwada ki ba ki da sugan masu ciki, tsokar ƙwallo ɗaya ba matsala. Amma wannan robar da Hajiya Mai Kifi ta ce ta narke ta sake daskarewa, ke ce ta farko da zan hana. Duriyan ba shi da tsami irin na lemo ko abarba da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, ga zaƙi ga laima, kuma firiza ba ta kashe su, kwantar da su kawai take yi. Akwai wata ƙwayar cuta, listeriya, da ke iya yaɗuwa ko a cikin sanyin firij, kuma masu juna biyu ta fi yi wa illa. In an canza miki da mai kyau, ki narkar da shi a cikin firij cikin roba mai murfi, ba a kan tebur ko a rana ba, a cinye a ranar ko washegari, kada a mayar da ragowa firiza. In kin buɗe kin ji tsami, ko yana yauƙi, ko yana tsikarin harshe, zubarwa za a yi komai tsadarsa.

Coke da madara kuwa, ƙanwar mijinki ta haɗa shi da labarin mangwaro da garin kwaki da aka tsorata mu da shi muna yara. A Tailan da madarar kwakwa da shinkafa mai danƙo ake cin sa, ana yin askirim da shi, ana sa shi a kek. Wanda ya ci rabin kilo ya kora da lemon kwalba zai sha kumburin ciki, suga ya hau, iyakarta ke nan.

Abu Sumayya:

To batun giya fa? Ni nan ne hankalina ya tsaya. In har akwai barasa a ciki ai maganar lafiya ma ba ta taso ba.

Ɗan Serdang:

Malam Abu Sumayya, maganganu biyu ne aka cakuɗa.

Ta farko, a can an daɗe ana gargaɗin kada a haɗa duriyan da giya. Wannan yana da ɗan tushe. A 2009 masu bincike a Jami'ar Tsukuba ta Japan sun gwada a ɗakin gwaji, suka ga ruwan duriyan yana rage aikin wani sinadari da hanta ke amfani da shi wajen narkar da dafin barasa, har da kusan kashi 70 cikin ɗari, saboda sinadaran farar wuta da ke cikinsa. A kwalba aka yi gwajin, ba a jikin mutum ba, amma ya isa ya bayyana dalilin da mashaya ke jigata in sun haɗa. Mu wannan bai shafe mu ba, alhamdu lillahi. Ina jin daga nan ne labarin ya taso, da ya iso WhatsApp ɗinmu aka cire giya aka sa Coke.

Ta biyu, duk ɗan itace mai zaƙi in ya nuna ya wuce misali yana fara tsimuwa, har ayaba da abarba. Duriyan ma haka. Ba ya bugarwa. Malesiya da Indunisiya Musulmi ne suka fi yawa, malamansu da limamansu suna ci, a harabar masallaci ma na ga an yi walimarsa. Har wani abu suke yi da shi, tempoyak, su sa masa gishiri ya kwana biyu ya yi tsami su dafa kifi da shi.

Su 'yan Chaina na can su ne masu maganar zafi da sanyi, kusan yadda kakanninmu ke raba abinci. Suna cewa in ka ci duriyan ka bi shi da wani ɗan itace wai shi mangostin don ya sanyaya, ko ka zuba ruwa da ɗan gishiri a cikin ɓawon ka sha. Mun sha, don kowa na sha. Ruwan dai yana da amfani bayan abu mai nauyi haka, ko a kofi aka sha shi.

Nanret_Rayfield:

Sannunku. Ni daga Jos nake bin zancen nan. Maman Khalil in kun gama don Allah ki ajiye min ƙwallayen. Mu nan Filato sitiroberi na yi, tufa na yi, inabi na yi, dankalin turawa kuwa ba a magana. Babana yana da fili wajen Vom, me zai hana mu gwada? In ya yi, kun huta da na firiza da tsadarsa.

Ɗan Serdang:

'Yar uwa Nanret, abin da ya sa sitiroberi ke son Jos shi ne zai kashe duriyan. Bishiyar kurmi ce, tana son zafi da laima da ruwan sama kusan duk shekara, a ƙasa mai kwari. Jos ta haura mita 1,200, ga sanyin Disamba, ga hunturu mai busar da komai na wata da watanni. In za a gwada a Najeriya, wajen Kuros Riba ko Akwa Ibom ya kamata a nufa. A Afirka ana samun sa a Zanzibar, can ma don tsibiri ne mai zafi da ruwa. Abin mamaki kuma a ilimin tsirrai dangi ɗaya suke da kuka, kuɓewa, yakuwa da goro, sai dai shi bai gaji haƙurin kuka da fari ba ko kaɗan.

Ƙwallon kuma kada Maman Khalil ta wahalar da kanta. Irin duriyan ba ya jure bushewa ko sanyi, ko ɗanye aka ciro sai an shuka shi cikin 'yan kwanaki, wanda ya kwana a digiri 18 ƙasa da sifili kuwa ya riga ya mutu. Ko da ya tsiro ma ba lallai ya haifi irin uwarsa ba, shi ya sa manoman can aure suke yi wa dashe, su jira shekara huɗu zuwa shida kafin ya fara 'ya'ya. Sai dai in ta tara miki ki dafa, ana cin ƙwallon in an tafasa shi ko an gasa, ɗanye ne ba a ci.